Wace waƙa ce ke cikin kunnenku kwanan nan?

Ɗan Mabera:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya, amma bari in fara da abin da ya jawo ta. Ni tela ne, kuma kun san aikinmu ba ya tafiya sai da abin saurare. Makon jiya na kai memori wurin masu tura waƙa a kasuwa, na ce yaron ya zuba mini na gargajiya zalla, don na gaji da abin da yaran shago ke kunnawa. Ya cika mini shi taf. Da na dawo na sa a sifika, akwai wata waƙa da aka rubuta wa suna Ɗanƙwairo, na yi kwana uku ina maimaita ta. Ranar Laraba wani dattijo ya kawo ɗinkin babbar riga, ya tsaya bakin ƙofa bai ce komai ba har ta ƙare, sannan ya ce mini wannan ai Narambaɗa ne. Wallahi abin ya tsaya mini a rai. An haife ni a garin nan na Sakkwato, na girma a nan, amma ban iya raba muryoyin mutum biyu da duk ƙasar Hausa ke alfahari da su ba. To ku gaya mini abin da kuke saurare kwanan nan, tsoho ko sabo, kuma wanda ya san hanya ya nuna mini inda zan fara.

Maman Ilham:
Wa alaikumus salam. Ni dai ba zan ɓoye ba, na zamani nake ji. Da safe in ina haɗa wa yara abin kari, Nura M. Inuwa ne ko Umar M. Shareef. In na dawo daga makaranta na gaji, Aminu Ala. Na gargajiya sai in maigida ya kunna a mota.

Mai Kabu-kabu:
Ni kunne ɗaya iyafis, kunne ɗaya titi. Hamisu Breaker da Auta Waziri ne ke raka ni daga Runjin Sambo har Kwannawa. Amma in rana ta take, cikin watan Afrilu da kwalta ke tururi, ba abin da ke riƙe ni bisa mashin kamar waƙar Shago ta Ɗan Anace. Kalangun nan in ya tashi sai ka ji gajiya ta sake ka.

Kawu na Kanwuri:
Ɗan Mabera, ɗana, Allah shi yi maka albarka da kat taso da wagga magana. Kada abin shi dame ka, wanda yat tambaya ba shi ɓata. Abin da yas sa kar ruɗe, su biyun duk kotso su ka kaɗawa, kuma duk makaɗan hwada na. Amma in ka natsu, ba su yi kama ba ko kaɗan.

Ibrahim Narambaɗa mutumin Tubali na, can ƙasar Isa, kuma ubangidanshi Sarkin Gobir na Isa Amadu. Shi tafiyar waƙatai a natse take, awa mai ba ka labari cikin zaure. Shina aza magana, 'yan amshi su karɓe ta su ƙarasa, shi kuma shi koma shi ɗauko wata. In ka ji ana ta ambaton Gobir da Isa da dawaki, to kana gidan Narambaɗa. Musa Ɗanƙwairo kuwa na Maradun na, muryatai ta fi zaƙi da tashi sama, kiɗin ya fi gudu, kuma amshin yaranshi a haɗe yake tamau awa murya guda. Shi ya yi yawo ƙwarai, ya yi wa Sardauna, ya yi wa sarakuna da yawa har wajen ƙasar Sakkwato. Ya kai 1991 da rai, shi ya sa faifanshi sunka fi yawa kuma sunka fi fita tas. Narambaɗa tun farkon shekarun 1960 yar rasu, abin da anka samu ɗauka nashi kaɗan na, kuma za ka ji sautin da ɗan shuu na tsohon faifai.

In shawarata ka ka so, fara da Bakandamiyar Narambaɗa. Kada ka saurare ta keke na gudu. Bari sai bayan isha'i, ka kashe komi, ka ji ta sau ukku.

Ɗan Mabera:
Na gode Kawu, Allah ya ƙara girma. Lallai wadda na ji ɗin tana da wannan shuu ɗin, kuma ana ta kiran Gobir. Amma gaskiya rabin kalmomin ban gane su ba.

Ɗalibin Dundaye:
Yaya Ɗan Mabera, wannan da ka faɗa shi ne ainihin matsalar, ba muryar ba. Ni Hausa nake karanta a jami'ar Ɗanfodiyo, kuma ranar da aka fara kunna mana waƙar fada a aji aka ce mu rubuta abin da muka ji, mu 'yan Sakkwato ma da muke ganin harshenmu ne, takardunmu duk giɓi ne. Kalmomin kayan doki, na yaƙi, na sarauta, sunayen kakannin sarki da garuruwan da aka ci, duk sun fita daga bakinmu. Makaɗin fada ba ya yabon sarki shi kaɗai, sai ya jero asalinsa, ya zuga shi, sannan ya juya ya yi wa abokan hamayyarsa zambo ba tare da ya kama suna ba. Zai siffanta ɗan sarkin da ke neman gadon da wata dabba ko wata tafiya, duk wanda ke fadar a ranar ya san da wa ake. Mu da muka zo bayan shekara sittin sai mu ji ana maganar dabba kawai, mu wuce.

Abin da ya taimake ni shi ne in riƙe gindin waƙar tukuna, wato layin da 'yan amshi ke komawa kansa, sannan in bi ɗiyan waƙar, wato baitocinta, ɗaya bayan ɗaya ina tsayar da waya ina rubutawa. Farfesa Aliyu Muhammad Bunza ya yi littafi sukutum a kan Narambaɗa, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau kuma ya tattara matanin waƙoƙin baka masu yawa. In ka sa rubutun a gabanka kana ji, sai ka ga ƙofa ta buɗe.

Abin da nake ji a makon nan kuwa Sa'idu Faru ne, Malamin Waƙa. Ku nemi waɗanda ya yi wa Muhammadu Maccido tun yana Sarkin Kudu, kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1996.

Maman Ilham:
To ai kun ga abin da nake faɗa wa maigida ke nan. Waƙar da sai na ɗauko littafi kafin in gane ta, yaushe zan ji ta ina tuƙa tuwo? Kuma ina da ƙorafi a kan yadda ake yi mana in an zo wannan magana. Da ka ce kana son waƙar zamani sai a dube ka kamar ba ka san ciwon kanka ba. Waƙoƙin fada na sarakuna ne da maza. Ina mace ta ga kanta a ciki? Ni abin da na gada daga uwata Barmani Choge ce da kiɗan ƙwarya, ita ce ta ce wa mata su tashi su nemi na kansu, kuma tun da ta rasu a 2013 ban ga wadda ta maye gurbinta ba. Yaran nan na situdiyo, duk abin da za a ce da su, su ne suke waƙa a kan abin da ke cikin gida: so, kishi, haƙuri, rabuwa, uwa. Lokacin kullen korona a 2020, da aka rufe mu a gidaje, waƙar Jaruma ce ta sa mata da mazajensu dariya a ɗaki. Wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Kawu na Kanwuri:
Ɗiyata, ba ki faɗi ƙarya ba. Ni ban raina na yanzu ba, kowane zamani da makaɗanshi. Abu guda ɗai ka damuna. Dauri in makaɗi ya tsaya gaban sarki, ba shi da inda za shi ɓoye. Ga kotso, ga 'yan amshi, ga jama'a, in murya ta karye kowa ya ji. Na ga Sani Aliyu Ɗandawo da idona ya yi fiye da awa guda tsaye, ba takarda, ba inji. Yanzu na'ura ka gyara murya, har ka ji yaro goma ka ɗauka mutum guda na. Amma Ala da kika ambata, ina jin shi, don shina da Hausa a baki kuma ya san ma'aunin waƙa.

Maman Ilham:
Na yarda da wannan, Kawu. Ni ma akwai waɗanda in aka cire musu piyano ba abin da zai rage. Amma Fati Nijar fa? A ba ta makirfo ba kiɗa, za ta tsayar da biki.

Direban Illela:
Salamu alaikum, na shigo a makare, yanzu na sauke fasinja. Ni motata ita ce gidan rediyona, kuma fasinja ne ke koya mini waƙa. Mutanen Ƙonni da Tawa in sun shigo sai su miƙo waya su ce direba sa wannan. Ta haka na san ƙungiyar Sogha ta Yamai, matan nan masu waƙa da Hausa da Zabarmanci, kuma ta haka na san Bombino na Agadas. Ba na jin kalma ɗaya ta Buzanci, amma jitar nan da hanya doguwa kamar don juna aka yi su. Akwai kuma Ali Farka Toure na Mali, wanda ya rasu a 2006. Ɗan Mabera, in kana aikin dare gab da salla, gwada shi, ba ya hayaniya.

Da aka rufe iyaka a 2023 bayan juyin mulkin Nijar, wata da watanni ba fasinjan ƙetare, abin da na yi kewa bayan kuɗin mota shi ne wannan miƙo wayar. In kuwa tsofaffi suka cika mota, ba a jayayya, Shata ne. Shi kaɗai ne ban taɓa sa wa wani ya ce a canza ba.

Malamin Islamiyya:
Ni na daɗe da barin abin da ke da kiɗa, kuma ba na shigo don in hana kowa ba ne, malamai sun yi maganarsu kowa ya ji. Amma tunda an ce abin da ke kunnenmu, ni waƙoƙin wa'azi nake ji. Garin nan da muke ciki da waƙa aka karantar da shi. Shehu Usmanu ya yi, Abdullahin Gwandu ya yi, Nana Asma'u ta yi da Fulatanci da Hausa da Larabci, kuma ta hannun jajis ɗinta, wato matan da take turawa karantarwa a tsarin 'Yan Taru, waƙoƙin suka shiga ƙauyuka wurin matan da ba su iya zuwa makaranta. Kakata ba ta iya karatun boko ba, amma tana surfe tana rera baitocin da suka koya mata farillan alwala. Na ɗauki muryarta a waya shekara biyu kafin ta rasu, minti 11 ne kacal, kuma shi ne abin da na fi saurare a duniya. Wanda ke son irin wannan ya nemi Imfiraji ta Aliyu Namangi, sannan in watan Mauludi ya kama ya je inda ake Ishiriniya ya zauna.

Ɗalibin Dundaye:
Allah ya jiƙanta, Malam. Don Allah ka adana wannan minti 11 ɗin a wuri fiye da ɗaya. Waya tana faɗawa ruwa.

Bagobiri:
Tun ɗazu nake karantawa ina shiru, sai da na ji an ambaci Isa sau da yawa na kasa daurewa. Ni daga wannan yankin nake, wani ƙauye tsakanin Isa da Sabon Birni. Shekara huɗu ke nan muna zaune a gefen gari nan Sakkwato, ni da iyalina da mahaifiyata, kun san dalili. Ina sayar da ruwa a kura.

Ni ba waƙar sarauta nake ji ba, waƙar noma nake ji. Maidaji Sabon Birni da Amali Sububu. Ku da kuka tashi a birni wataƙila ku ji su kamar kiɗa kawai. Mu a wurinmu ranar gayya ce. Tun da asuba mai gona ya sa an dama fura a manyan ƙore, samari sun jeru a bakin kuyya kowa da kalmensa, makaɗi yana bin bayansu. In ya ga wani ya fara ja baya sai ya matso kusa da shi ya kira sunan ubansa da na kakansa, ya ce gidansu ba a taɓa sayen hatsi ba. Wallahi na ga mutum ya yar da hula ya shige gaba ƙura na tashi, ya fid da kuyya biyu kafin na kusa da shi ya fid da ɗaya. Mahaifina yana cikin waɗanda ake yi wa haka. Da yamma a dawo gida a gaji, amma ana dariya.

Yanzu in damina ta faɗi, na ji ƙanshin ƙasa, sai in kunna Maidaji a ƙaramar wayata in ajiye kura a inuwa. Garuruwan da yake kira na san su ɗaya bayan ɗaya, na san hanyar da ake bi, na san kasuwar kowanne da ranar cinta. Wasu yau ba kowa a cikinsu. Sububu da ake kiran Amali da ita, yaran yanzu in sun ji sunan daji suke tunawa da 'yan bindiga, ba su san garin manoma ne da ya fid da makaɗi ba. Mahaifiyata ba ta son in kunna a gabanta, in ta ji sai ta tashi ta shiga ɗaki. Ɗana kuwa mai shekara tara bai taɓa riƙe kalme ba. Ranar nan ya tambaye ni me ake nufi da gayya.

To ni shawarata ga Ɗan Mabera, in za ka koma wurin mai turawa, ka ce ya sa maka na noma. Ba don daɗi kawai ba, don a san an yi mu.

Maman Ilham:
Innalillahi. Bagobiri, Allah ya mayar da ku gida lafiya, ya ba Inna haƙuri. Na karanta sau biyu. Ina da yara 'yan gudun hijira a ajina, ban taɓa tunanin in tambaye su waƙar garinsu ba. Gobe zan tambaya.

Mai Kabu-kabu:
Amin. Yaya Bagobiri, ni ma iyayena daga gabas suke. Tura mini ko guda biyu in sa a waya.

Kawu na Kanwuri:
Bagobiri, ka sa ni hawaye da tsufana. Allah shi kawo muna ƙarshen wagga musiba. Kuma ka tuna mini, Narambaɗa kanshi da waƙar noma yaf fara kahin shi shiga hwada. Duk daga gona anka hito.

Ku yara ba ku san yawan abin da ƙasag ga ta Sakkwato ta fitar ba, don an raba ta, Kabi ta tahi 1991, Zamfara ta tahi 1996, sai ku ɗauka na wasu na. Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Ukku, wanda yay yi shekara 50 bisa gado daga 1938 har 1988, nan Kanwuri muka ganin makaɗan taushi ranar salla. Kassu Zurmi na 'yan tauri. Gambu da yay yi wa ɓarayi waƙa har daga baya yat tuba ya bari. Ibrahim Gurso na Mafara. Kowace sana'a da makaɗinta, manomi, ɗan dambe, mahauci, maƙeri. Da Rima Radiyo muka jin su da dare, rediyo guda gida guda, kowa ya yi tsit.

Ina da kaset cikin wata tsohuwar adaka, sun fi 60, wasu ni da kaina nad ɗauka daga rediyo, na rubuta sunan makaɗi da wanda anka yi wa a bayan kowane. Rikodata ta lalace shekaru da dama, suna nan ajiye, kuma zahin garin ga ba shi barin zare. Ban san ko nawa ne sunka rage da rai ba.

Ɗalibin Dundaye:
Kawu, don girman Allah kada a sake buɗe adakar nan sai mun zo. Abin da ke bayan kaset ɗin, wato sunayen da ka rubuta, ya fi waƙoƙin wahalar samu. Waƙoƙin da yawa suna yawo a YouTube da Audiomack da wayoyin mutane, amma ana tura su ta Xender daga hannu zuwa hannu, wani ya goge suna, wani ya sa nasa, har ta kai an ba Ɗan Mabera Narambaɗa da sunan Ɗanƙwairo. Na taɓa ganin waƙa ɗaya da sunan makaɗa uku daban-daban. A TikTok kuwa sai a yanko daƙiƙa 30 a ɗora a kan hoton wani ɗan siyasa, yaro ya tashi yana zaton don shi aka yi ta. Ina da abokin da ke da rikoda mai aiki da igiyar da ake haɗa ta da kwamfuta. Kaset ɗaya yana cin awa ɗaya ko awa ɗaya da rabi, don sai an bar shi ya juya da kansa. In zare ya tsinke ana liƙa shi, in ya kwance a naɗe shi da biro.

Malamin Islamiyya:
In akwai na wa'azi ko na bege a ciki, Kawu, ina so a ware mini.

Kawu na Kanwuri:
Akwai, Malam. Akwai ma na wasu makahi da nad ɗauka bakin Masallacin Shehu wata Juma'a, suna rera wa'azi su biyu, guda na ja guda na karɓa.

Direban Illela:
Ranar Lahadi kasuwar Illela ke ci, ba ni samun kaina. Amma Asabar da yamma ina gari. In ana buƙatar ɗauko rikoda da kwamfuta daga Dundaye zuwa Kanwuri, motata na nan, ba ko sisi.

Ɗan Mabera:
Jama'a, ban zaci tambayata za ta kai nan ba. Daren jiya na bi maganar Kawu, na rufe shago bayan isha'i na ji Bakandamiya sau uku. A na ukun na fara jin inda yake ajiye magana 'yan amshi su ɗauka, na kuma tsinci kalma bakwai da ban sani ba na rubuta su a bayan takardar awo. Zan zo da ita ranar Asabar in Kawu ya yarda ya fassara mini. Zan sayo memori biyu sababbi, ɗaya na zaure, ɗaya na Bagobiri.

Yaya Bagobiri, ko za ka samu zuwa? In akwai Maidaji ko Amali a cikin kaset ɗin, kai ne za ka gaya mana garuruwan da ake kira da mutanen, mu rubuta daidai.

Bagobiri:
Zan zo in Allah ya yarda, bayan la'asar in na gama kai ruwa. Zan taho da yaron.

Kawu na Kanwuri:
Ku taho. In kun kawo Kanwuri ku kira ni, in turo jikana shi shigo da ku. Ɗalibi, ka zo da biro fiye da guda.